Karar da Aka Yi wa Kadi

A gidan Lawali dillali da ke Tanut ba wanda ya taɓa ɗaga wa Kadi hannu, ba wanda ya taɓa hana ta tuwo. Shi ya sa har yau in aka ta da zancensa sai ka ji ana cewa ai mutumin kirki ne. To, ku matso ku ji irin kirkin.

Kadi ƴar Attahir ce, makiyayi daga wajen Tenhya. Da farin shekarar tamanin da huɗu ya share masa garke, sai ya kawo ta ya danƙa amana a hannun Lawali, mai masaukinsa, wanda tun da can shi ke sayar masa da dabbobi a kasuwa, don ta ƙarasa lakwal, wato makarantar firamare. A shekarar da nake ba ku labari tana aji shida, aji ɗaya da Raishatu ƴar gidan. Abu ɗaya ne a gabanta, jarrabawar shiga kwaleji. Darakta, shugaban lakwal ɗin, ya riga ya faɗa cewa cikin su arba'in da bakwai, mutum ashirin kaɗai zai rubuta wa suna. Ga shi takardar haihuwarta da kintace aka yi ta, aka ƙara mata shekara biyu da ba nata ba, don haka ba ta da damar maimaita aji. In sunanta bai shiga bana ba, ita da boko sai dai a labari.

Ana nan sai aka kawo wa lakwal ɗin akwatin ƙarfe cike da littattafan yara na Faransanci. Malamin ajinsu, wanda suke kira Mushe Haruna, mutumin Magarya, ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya kafa doka: kowace Asabar kowa ya ɗauki littafi ɗaya, ranar Litinin ya kawo sharhi shafi guda, ya faɗi abin da ke ciki, da abin da ya burge shi, da abin da bai yarda da shi ba.

"Da wannan zan gane mai kai, da shi zan ba darakta sunaye," in ji shi. "Wanda na kama ya kwafi na wani kuwa, ya manta da jarrabawa."

Ran Asabar ta fari Kadi ta dawo gida rungume da littafinta, bakinta har kunne. Ta tarar Raishatu ta riga ta, tana zaune gindin turmi tana rusa kuka, nata littafin yashe a ƙasa. Asibi, uwar gidan, tana suyar gyaɗa, don ƙuli-ƙuli da mai take yi na sayarwa.

"Ke Kadi, ba ki ga ƴar'uwarki ba? Wai ba ta gane komai a ciki. Ɗauki ki yi mata."

"Inna, Mushe ya ce kowa ya yi nasa."

"Mushe ke ba ki tuwo? Ji min yarinya! Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ke Allah ya ba ki kai, ita ya ba ta gida, sai ku haɗa. Yau kaɗai ne, kafin ta saba."

Kadi ta ɗauka. Ta karanta, ta rubuta a ƴar takarda, Raishatu ta share hawaye ta juye a kayenta, wato littafin rubutunta, da hannunta. Aka gama lafiya, har Asibi ta ba Kadi ƙuli uku masu zafi tana sa mata albarka.

Yau kaɗai ɗin nan ita ce ta yi wata biyu. Littafi biyu kowace Asabar, kuma na Raishatu ne a gaba. Tsakanin nan ga ɓarar gyaɗa, ga kai niƙa, ga layin famfo, ga tallar ƙuli a tasha. Raishatu kuwa an ɗauke mata aiki, wai kanta na ciwo in ta sha rana. Sai safiyar Litinin Kadi ke samun rubuta nata, a tsaye jikin katangar lakwal kafin a kaɗa ƙararrawa, layi biyar ko shida, wani lokaci ma ba ta kai ƙarshen littafin ba. Mushe yana ba da maki bisa goma. Raishatu takwas, Raishatu tara. Kadi huɗu, Kadi uku, an rubuta mata da jan biro a gefe: ƙyuya.

Wata rana ta yi ta maza ta tari Lawali a zaure yana sa takalmi.

"Baba, makina yana ta yin ƙasa. Ko za ka yi wa Inna magana in riƙa fara yin nawa?"

Ya dube ta da fara'ar nan tasa ta dillalai, wadda ke sa mai saye da mai sayarwa kowa ya tafi yana ganin shi ya ci riba.

"Haba ƴata, ni ina ruwana da sha'anin cikin gida? Ku yi ta haƙuri da juna. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Ya saɓa sandarsa ya nufi kasuwa.

Saura wata guda a rufe sunaye, Mushe ya zo da wani sabon abu. An aiko littafi iri ɗaya guda goma, za a karanta shi rukuni-rukuni a cikin aji, kowa ya rubuta sharhinsa, wanda ya fi kyau a aika wa ansifekta, mai duba makarantu, a Damagaram. Labarin wata yarinya ce ƴar makiyaya da raƙumarta a shekarar fari, wani Bature ya rubuta, da hotuna masu launi.

Da Kadi ta ga hoton rijiya, sai ta ji zuciyarta ta tafasa. Da aka kai wurin mutuwar raƙumar kuma, ta sunkuyar da kai don kada a ga idonta. Ran Asabar da aka tashi ba ta bi Raishatu gida ba. Ta zauna gindin aduwar bayan aji ta buɗe kaye, biro yana gudu kamar ba ita ke riƙe da shi ba. Ga kaɗan daga abin da ta rubuta, in an juya shi da Hausa:

"Wanda ya yi littafin nan bai taɓa yini a rijiyar arewa ba. Ya ce yarinyar ta ja guga da hannu ta shayar da raƙuma ɗari kafin hantsi. Rijiyar arewa gaba arba'in ce, ko ƙato ba ya janta da hannu. Sa ne ke jan igiya, yarinya na kora shi, taki ɗari da ashirin zuwa, har wanda ke bakin rijiya ya ƙwala kira ta tsaya, sannan ta komo da shi. Guga ɗaya ke nan. Kuma ba a sha yadda aka ga dama, kowane gida da lokacinsa, wanda ya makara ya jira gobe. Amma inda ya ce raƙumar ta mutu yarinyar ta ƙi tashi daga gefenta, tana kore mata ƙuda alhali ta san ta mutu, nan ya faɗi gaskiya. Haka ake yi."

Shafi biyu ta cika. Tun da aka fara zancen littattafan nan ba ta taɓa jin ta yi abu nata na kanta ba sai ranar. Ta cusa kayen ƙarƙashin zane ta yi gida.

Ina! Tun daga bakin ƙofa ta ji muryar Raishatu.

"Inna, ga ta nan. Na gan ta gindin aduwa, nata ta tsaya yi."

Asibi ta miƙo hannu, ko tashi ba ta yi ba.

"Kawo."

"Inna, don Allah wannan kam ki bar mini. Zan yi mata wani."

"Wanin da za ki yi mata, ki yi wa kanki. Ba daga kai ɗaya suke fitowa ba? Oh ni Asibi, ashe ɓoyo muka fara! Mu ba mu ɓoye miki hatsinmu ba, ke za ki ɓoye mana baƙaƙe?"

Raishatu ta zauna ta juye shi kaf, har da inda Kadi ta manta ɗigo. Lahadi kuwa akwai man bikin suna da aka sa Asibi ta yi, tun safe ake matsa har rana ta yi sanyi. Kadi ta sami ɗan sarari ta buɗe sabon shafi, ta yi ta kallonsa. Me za ta ce? Abin da ta sani game da rijiya ɗaya ne, ta kuwa riga ta faɗe shi. Ranar Litinin ta miƙa wa Mushe nata na asali. Ba taurin kai ba ne. Ita dai a wautarta gani take duk wanda ya karanta zai gane ƴar wa ce ta rubuta.

Ran Talata da aka fita shan iska Mushe ya tsayar da su biyu, kayensu a buɗe a gabansa.

"Ɗayarku ɓarauniya ce. Wace ce ta rubuta wannan?"

"Ni ce, Mushe," in ji Kadi, muryarta can ƙasa.

"Wallahi ni ce," in ji Raishatu da ƙarfi. "Babana dillali ne, makiyaya a zaurenmu suke sauka. Kullum ina jin hirar rijiya."

Mushe ya buɗe littafin makinsa. Wata biyu suna nan a jere, wannan tara, waccan uku. Ya dubi Kadi, ya sake duban shafin, ya sosa ƙeya. Gaskiya zuciyarsa ba ta kwanta ba, don shi ba mugu ba ne. Sai ya yi abin da yake ganin shi ne mutunci, ya ce bayan la'asar zai zo ya ga mahaifinsu.

Da labari ya isa gida, Asibi ta ja Kadi bayan rumbu, ta sassauta murya kamar mai lallashi.

"Kin ga abin da kika jawo mana? Baƙo zai shigo gidan nan a kan zancen sata. To ki buɗe kunnenki. In kika ba maigida kunya gaban mutum, ki tanadi inda ubanki zai riƙa sauka ranar kasuwa, da wanda zai tsaya masa a kan ƴan awakin da suka rage. Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Cewa na yi ki san gidan da kike."

Lawali kuwa da aka faɗa masa duk yadda aka yi, bai ce an kyauta ba, bai ce ba a kyauta ba. Cewa ya yi, "Ku bar ni da shi."

Aka shimfiɗa wa Mushe sabuwar tabarma a zaure, aka ɗora shayi. Sai da aka sha na fari, aka yi gaisuwar mutanen Magarya da tambayar yadda gyaɗa ta yi a kudu, sannan aka kira yaran suka durƙusa daga bakin ƙofa. Mushe ya fara bayani, Lawali ya ɗaga hannu ya tare shi.

"Mushe, kada ka wahalar da kanka. Raishatu ce. Ka cire sunanta."

Kafin Mushe ya buɗe baki, Lawali ya ci gaba.

"Ita tana gaban ubanta, ko ta zauna gida ba ta rasa komai ba. Wannan kuwa amana ce. Ubanta na can jeji, fari ya gama da shi, ita kaɗai yake kallo. Ni Lawali ban yarda a ce ƴar amana ta yi sata a gidana ba, ko da ta yi. Ka ɗora wa tawa."

Kun dai san kara. In ɗanka ya yi faɗa da ɗan wani, naka za ka tsawata wa ko da shi ke da gaskiya, mutane kuma su gane cewa kunya ce ta sa ka, su yaba maka, su san inda gaskiyar take. Lawali ya san haka. Ya san Mushe ma ya sani. Mutumin da ya shekara talatin yana karanta fuskar masu ciniki, malamin lakwal ɗan shekara ashirin da shida ne zai gagare shi? Gaskiya tsagwaronta ya faɗa, ya kuwa faɗe ta ta hanyar da ba mai hankalin da zai yarda da ita.

Idon Mushe har ya kawo ruwa.

"Allah ya saka maka da alheri, Baba. Irinku sun yi ƙaranci." Ya juya ga Kadi, fuskarsa ta sauya. "Kin ji abin da bawan Allahn nan yake shirin yi dominki? Ƴar cikinsa zai kashe wa karatu don ya rufa miki asiri. Za ki zura ido ya yi?"

Kadi ta ɗago kai. Lawali yana kallonta da tausayi, kai ka ce uba ne. Ta ƙasan zanar da ta raba zaure da cikin gida tana hango ƙafafun Asibi. In ta ce e, ta zama marar kunyar da aka yi wa kara ta karɓe hannu bibbiyu. In ta ce ai gaskiya Baba ya faɗa, wa zai ji? Ta tuna ubanta yana shigowa zauren nan da ƙura har gwiwa, ana ba shi ruwa.

"A'a, Mushe."

"To wa ya kwafi na wani?"

"Ni ce."

"Ash!" in ji Lawali, yana girgiza kai. "Ai da kin yi shiru, ƴata."

Aka zuba shayi na biyu.

Abin da ke ci mini rai har yau, tambaya ɗaya ta isa. Da Mushe ya miƙa wa Raishatu igiya ya ce ta nuna masa yadda ake ɗaura ta jikin san da ke jan guga, da zance ya ƙare a nan. Amma shi ɗan kudu ne, rijiyar garinsu da hannu ake ja, bai san akwai abin tambaya a wurin ba. Ya kuma je neman gaskiyar yarinya a zauren wanda ke ciyar da ita. Wa ya taɓa tambayar akuya laifin kura a gaban kura?

Washegari aka soke sunan Kadi. Mushe ya sa Raishatu ta tsaya gaban aji ta karanta sharhin, tana tuntuɓe a kan kalmomi, ya ce kunya ce irin ta masu basira. Da ta kai wurin korar ƙuda, ajin ya yi tsit. Aka tafa mata. Kadi tana bencin baya, yara na waiwayenta suna raɗa, ɓarauniyar sharhi. Ta sa kai a kan benci, hawaye na ɗiga a ƙasa, ba wanda ya ce mata ci kanki.

Ranar kasuwa Attahir ya shigo da awaki biyu. Tun kafin ya kwance rawani daga bakinsa ya sha ruwa, Lawali ya zaunar da shi ya ba shi labari, a hankali, da nuna ba ya son faɗa.

"Yarinta ce, kada ka yi mata faɗa. Ni wallahi har cewa na yi a ɗora wa tawa, tambayi malamin. Ita ce ta amsa da bakinta."

Attahir ya saurara har ƙarshe. Can ya kama hannun Lawali da hannu biyu.

"Na gode, Lawali. Ka yi abin da ɗan'uwa ba zai yi ba. Ka yafe mana."

Kadi ta kawo masa fura ta durƙusa. Ta so ta yi masa magana da harshensu, wanda ba mai ji a gidan, kalma uku ma sun isa. Amma bai ko dube ta ba. Ya karɓi ƙwaryar ya ajiye gefe. In ma ta faɗa, me zai yi? Ya ƙaryata mai masaukinsa? Ya ɗauke ta ya kai ta ina, su ci me? Da zai tafi ya tsaya bakin ƙofa, ya ce da ita da Hausa, don masu gida su ji:

"Ki zauna ki yi musu biyayya. Ba ki da abin da za ki saka musu da shi sai wannan."

Ta bi shi da ido har ya sha kwanar masallaci.

Bayan kwana biyu Asibi ta ce tun da ba jarrabawa za ta yi ba, zaman me za ta je yi a benci, ga gyaɗa jibge? Ba wanda ya zo daga lakwal ya tambaya. Mushe ya ɗauka kunya ce ta hana ta zuwa, ya ma ga dacewar hakan. Takarda ta zo daga Damagaram ana yabon Raishatu, Lawali ya sa aka karanta masa ita sau uku a zaure, maƙwabta na ta barka. Asibi ta raba ƙuli sadaka, Kadi ce ma ta zaga da shi gida-gida.

Ku da kuke karɓar ƴaƴan mutane amana, ba cin tuwo kaɗai ake tambaya ba ranar gobe. Akwai wanda zai zo yana cewa bai taɓa dukan ƴar riƙo ba, bai taɓa barinta da yunwa ba, kuma gaskiyarsa. Sai a ce masa, to ina abin da Allah ya zuba mata a ka, wa ya ci? Unguwa guda ta ga Kadi da tire a ka lokacin da sa'o'inta ke aji, aka yi ta cewa Allah sarki, ai Lawali ya yi ƙoƙari. Ni ma ina cikin masu gani, ban kuwa ce komai ba.

Asabar ta zagayo. Kadi na tsakar gida ta miƙe ƙafa tana ɓarar gyaɗa, yatsunta duk sun yi kanta. Raishatu ta dawo daga lakwal, ta zaro sabon littafi daga jaka, mai hoton jirgin ruwa a bango, ta ajiye shi kan cinyar Kadi da kaye da biro.

"Mushe ya ce yanzu ido na kaina, kada in ba shi kunya. Shafi biyu yake so."

Kadi ta dubi littafin, ba ta taɓa shi ba. Asibi ta leƙo daga madafa tana goge hannu da bakin zane.

"Ɗauki mana, me kike jira? Ke yanzu ai kin huta. Ɗaya tak za ki rubuta."

Kadi ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta goge hannu don kada ta ɓata bangon, ta buɗe shafi na fari.